Daƙiƙa huɗu na kalangun Baba

Waɗanda suka shigo ɗakina a Agbowo cikin watannin nan sun ga wani katako a kan tebur, wayoyi sun yi masa caa kamar saƙar gizo. Wasu sun ce rediyo ce, wani ma ya tambaye ni cikin raha ko sai ya kira 'yan sanda. To yau dai zan faɗi ko mene ne, tare da wata magana da na daɗe ina haɗiyewa.

Kwamfuta ce, irin ta zamanin da. Ƙwaƙwalwarta Z80 ce, wadda kamfanin Zilog ya fitar a 1976, wato ta girme ni da sama da shekara ashirin. Duk wanda ya buga Sega Mega Drive a shagon gem yana yaro ya taɓa jin aikinta bai sani ba, don akwai ta a ciki tana kula da ɓangaren sauti. Tawa aikinta ɗaya tak: ta saurari sauti, ta adana, in na danna maɓalli ta maimaita. Ba ta da allo, ba ta san intanet ba. Kuma ba ta da alaƙa da binciken digirina na biyu, wanda malamina ke jiran babi na uku tun kafin azumi. Allah ya ba shi haƙuri.

Yadda take kama sauti abu ne mai sauƙi. Akwai wani ɗan guntu, ADC0804, da ke auna ƙarfin sautin ya mayar da shi lamba tsakanin 0 da 255. Na sa tana yin awon nan sau 8,000 a kowace daƙiƙa, kowane awo bait ɗaya. Ma'adanar da na samu bait 32,768 take ɗauka. Ku raba da kanku: daƙiƙa huɗu ke nan da ɗan ɗoriya. Wayar da kake karanta wannan rubutun da ita za ta ɗauki sauti na kwana da kwanaki, ni kuma na ɓata wata biyar da kuɗin abincina a kan daƙiƙa huɗu. Na san yadda abin yake a ido.

Wajen maido da sautin kuwa ban sayi komai mai tsada ba. Rezistoci na jera kamar tsani, kowane mataki rabin nauyin na gabansa, su suke mayar da lambobin nan wuta, sai LM386 ya ƙara mata ƙarfi zuwa lasifikar wata tsohuwar rediyo. Na zauna da mita ina auna rezistocin ɗaya bayan ɗaya don in tsinci waɗanda suka yi daidai da juna, in ba haka ba sautin sai ya fito da tsakuwa a ciki. Dare nawa aka ɗauke wuta ƙarfen dalma na tsaka da zafi, ban ƙirga ba.

Gwajin farko da muryata na yi. Na yi sallama, ta amsa mini da wani irin gurnani kamar an shaƙe akuya. Sati biyu ina zargin mai shagon da ya sayar mini da kayan, har na tsine masa a zuci, ashe laifina ne. Sauti sama da ƙasa yake kaɗawa, shi kuma ma'aunin daga sifili zuwa bolt 5 kawai ya sani. Ban ɗaga sautin ya zauna a tsakiya, wajen bolt 2.5 ba, sai duk rabin da ya yi ƙasa ya yanke. Rezisto biyu da kafasito ɗaya suka gyara. Mai shago ka yafe ni.

Yanzu ga maganar. Babana makaɗin kalangu ne. Shi ke yi wa mahauta kiɗa a garinmu, shi ake kira biki da suna. Ya rasu a 2011, ina aji uku na ƙaramar sakandare. Tun daga lokacin, duk fom ɗin da aka ce a rubuta sana'ar uba, manomi nake rubutawa. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, yana noma. Amma kun san dalilin. Kun san yadda ake kallon ɗan makaɗi a wajenmu, da abin da ake faɗa in ya je neman aure. Akwai waɗanda muka yi digiri na farko tare, muka ci a kwano ɗaya shekara huɗu, sai yau za su ji wannan.

Abin da ya taɓa ni a Ibadan ya faru ne a ɗakin gwaje-gwaje. Wani abokin karatuna Bayarabe yana yi mini bayanin sunansa, ya ce duk sunan da ya fara da Ayan, to gidan makaɗa ne, kakansa da babansa duk gangan suke kaɗawa. Yana faɗa yana buga ƙirji wallahi. Gangan ɗin nan kuwa ɗan uwan kalangu ne, a hammata ake matse shi, igiyoyin su ja fatar, murya ta hau ko ta sauka. Ya tambaye ni ko muna da irinsa a Arewa. Na ce e, akwai. Na yi shiru daga nan. Ranar ban yi barcin kirki ba.

Da na je gida hutu na roƙi Inna kaset ɗin da ke cikin adakarta, na wani biki da aka ɗauka Baba na kiɗa. Da ƙyar ta ba ni. Na sani sarai zan iya kara waya a jikin rediyo in ɗauke shi duka cikin rabin awa, kuma na yi hakan don tsaro. Amma so nake in yi wani abu da hannuna wanda muryar kalangun nan za ta zauna a ciki, kamar yadda shi ma da hannunsa yake jeme fata ya ɗaure kayansa. Sannan ga wani abu da na gano: in ka rage saurin fitar lambobin, sautin sai ya yi ƙasa ya yi kauri, in ka ƙara ya yi sama. Na sa maɓallai takwas, kowanne da nasa saurin. Bugu ɗaya na Baba sai ya zama murya takwas, kusan abin da hammatarsa ke yi da igiya.

Daren da ta yi aiki na kira Inna, na kara wayar a lasifika. Ta yi shiru har na ɗauka layin ya yanke. Sai ta ce, "Sake sawa." Na sake. Ta ce, "Shi ne. Amma babanku ba ya sauri haka, wa ke korar sa?"

Na duba lissafina, daidai yake. Ashe rediyon da na aro ce take jan kaset da gudu fiye da ƙa'ida, ni kuma kunnena bai kama ba. Na dinga ƙara jinkiri kaɗan-kaɗan a cikin umarnin, ina ƙona shi, ina sake kiranta. Katin naira ɗari biyar ya ƙare, na sa wani. A karo na shida ta ce, "Yauwa, tsaya nan." Lambar da ta tsayar ita ce a ciki har yanzu, ban ƙara taɓa ta ba.

Abokina Bayarabe ya zo ya ji, ya tambaya wane ne wannan. Na ce babana ne. Ya dube ni ya ce shekara guda muna tare ban faɗa ba? Ban sami amsar ba shi ba.

Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan kawo ta wajen zamanmu na bayan la'asar, wanda yake so ya danna ya ji. Don Allah kada a ja wayoyin, ba a manne suke sosai ba. Kuma in akwai mai zuwa Legas cikin satin nan ya yi mini magana, ina neman ma'adana 62256 guda ɗaya. Akwai inda Baba ya yi magana a ƙarshen kaset ɗin, yana ce wa wani ya matsa ya ba yara wuri, kuma ta fi daƙiƙa huɗu.