Dajin Epping: Kare na yawo, barewa na kiwo

'Yan makaranta, wannan makon daji za mu shiga, amma dajin da jirgin ƙasa ke sauke mutum a bakinsa. Sunansa Epping, yana arewa maso gabashin birnin Landan a ƙasar Ingila. Tsawonsa daga kudu zuwa arewa ya kai kilomita 19, faɗinsa kuwa ko a inda ya fi faɗi bai wuce kilomita 4 ba. Babu ƙofa, babu kuɗin shiga. Hukumar tsohon birnin Landan ce ke kula da shi tun 1878, shekarar da majalisa ta yi dokar da ta hana masu ƙasa killace shi, kuma a 1882 Sarauniya Biktoriya ta je da kanta ta miƙa shi ga jama'a.

Jama'ar kuwa da karnukansu suke zuwa. Mun san da yawa daga cikinku da jin kare sai gaba ta faɗi, don a wajenmu kare na gadi ne ko na farauta, ba a wasa da shi. A can abokin zama ne, a ɗaki yake kwana, kuma kullum sai an fita da shi ya miƙe ƙafa. Ciwon haukar kare ya daɗe da ƙarewa a ƙasar. Doka ta ce a sa wa kare abin wuya mai sunan mai shi da adireshinsa, sannan tun 2016 dole a dasa masa wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, wadda ke nuna ko na wane ne idan ya ɓata ko ya yi ɓarna.

Mun hau jirgin layin Central muka sauka a tashar Theydon Bois, inda hanyar da ake kira Oak Trail ta fara. Zagaye ce ta kimanin kilomita 10, an kafa turaku masu kibiya a kan hanya don kada baƙo ya ɓace. Akwai gajeru ga mai ƙaramin yaro ko tsohon kare, kamar wadda ta tashi daga tafkin Connaught Water kusa da Chingford. Lokacin kaka ne, ganye ya yi ja ya zube, ƙasa kuma duk taɓo. Wanda ya je da farin takalmi shi ya jiyo.

Abin da ya fara tsayar da mu itatuwa ne. Gindi kauri, gajere, sai a daidai saman kan mutum ya rabu zuwa manyan rassa biyar ko shida, kamar an buɗe tafin hannu. Aikin gatari ne. Shekaru aru-aru talakawan ƙauyukan gefen dajin na da haƙƙin sare rassa don itacen wuta, suna sara a sama inda bakin saniya da barewa ba zai kai ga sabon toho ba. Duk wanda ya taɓa ganin makiyayi ya hau gawo ko maɗaci da rani yana saro wa shanu ganye zai gane siffar nan take. Wani talaka a Loughton, Thomas Willingale, ya ci gaba da sara bayan mai ƙasar ya kewaye wurin, kuma rigimarsa na cikin abin da ya kai ga ceto dajin. Abin mamaki, dokar 1878 da ta ceci dajin ita ta kawo ƙarshen saran, shi ya sa rassan suka yi ta girma har wasu suna tsagewa don nauyi. Tsofaffin itatuwa irin waɗannan sun haura 50,000.

A nan cikin kurmi yawancin karnuka a sake suke. Ƙa'idar ita ce kare ya kasance a ƙarƙashin ikon mai shi: a inda ido zai gan shi, kuma idan aka kira ya dawo. Wanda nasa ba ya jin kira, sai igiya. Mun ga masu cika wannan, mun ga waɗanda ke kira har murya ta dushe kare bai waiwayo ba. Wani ya sheƙo wajenmu da gudu. Dabarar ita ce ka tsaya cik, ka harɗe hannuwa, ka kau da ido, don gudu shi ke sa kare ya bi ka. Ya sunsuna takalmanmu ya wuce, mai shi na ba da haƙuri. Haƙurin ya yi, amma da yaro ƙarami ne da ya sha kuka, kuma dajin nasa ne shi ma.

Bayan mun wuce Ambresbury Banks, wata tsohuwar ganuwar ƙasa da ta haura shekara 2,000, hanya ta bi gefen wani shingen waya. Makiyayar barewa ce da aka keɓe a 1959 saboda motoci na yawan kashe su a titunan da suka ratsa dajin. Ba a shiga, sai dai leƙe. Barewar nan duhu-duhu ce, kusan baƙa. A wajen shingen ma akwai wasu sake cikin daji, har da wata ƙarama mai kamar gada wadda asalinta daga Sin aka kawo ta. Nan ne igiya ke da rana. Kare ba sai ya ciji barewa zai kashe ta ba, kora kawai ta isa ta faɗa kan titi, ta mutu, mai mota ma ya shiga uku. A watan Yuni kuma uwa kan kwantar da ɗanta cikin ciyawa ta tafi kiwo, ba ya motsi, ba ya gudu.

Akwai shanu, masu dogayen ƙahoni da ke lanƙwasowa wajen fuska. Kiwo ya tsaya a 1996 lokacin annobar haukar shanu, daga baya aka dawo da shi don in babu kiwo sarƙaƙiya ke cinye filayen. Babu makiyayi a bayansu, babu shinge. Wata na'ura ce a wuyan kowace saniya mai aiki da tauraron ɗan'adam: in ta doshi iyaka sai ta yi ƙara, in ta ƙi juyawa sai ɗan jan lantarki. Kusa da shanu ana ɗaure kare. Amma idan suka taso wa mutum, shawarar hukuma ita ce ya saki igiyar, don karen suke nufi, kuma ya fi mai shi gudu.

Can ƙarshen kudu, a filin Wanstead Flats da ke cikin gari sosai, wata 'yar tsuntsuwa da suke kira skylark na yin sheƙa a ƙasa tsakiyar ciyawa. Kaɗan suka rage a Landan. Duk shekara idan lokacin ƙwai ya zo sai a kewaye wurin, mutum da kare su zagaya.

Sai maganar kashi, ku yi haƙuri. Kowane mai kare da leda a aljihu yake fita, ya kwashe ya kai kwandon shara, wanda ya bari kuma ana iya cin tararsa. Ban da ƙazanta, kashin kare taki ne mai ƙarfi, yana sa ciyawa mai zafin girma ta danne ƙananan tsirran da ba sa son ƙasa mai taki. Abin da ya ba mu haushi shi ne wasu sukan kwashe a leda, su ƙulle, su rataye a reshe su yi gaba.

Awa uku da rabi muka yi kafin mu koma tasha. Masu karnuka na duba kunnuwa da hammatar dabbobinsu ko kaska ta maƙale, mu ma muka duba ƙafafun wandunanmu, don inda barewa take kaska ba ta nisa.