Neman Bindigar Barewa a Hanyar Mackinac

Ranar 15 ga Nuwamba ake buɗe farautar barewa da bindiga a jihar Mishigan ta Amurka, a rufe ranar 30. Ko ta faɗo Talata ko Lahadi, ba a matsar da ita. A garuruwa da dama na arewacin jihar har makarantu kan rufe ran nan, ma'aikata kuwa tun farkon shekara suke killace hutunsu dominta. Yayana, ɗan wan mahaifina, ya daɗe yana aiki a masana'antar motoci a gefen Detroit har ya zama ɗan ƙasa, kuma shi ma farautar ta shiga jininsa. Wani dattijon Bature da suka yi aiki tare ne ya koya masa, duk shekara yakan kira shi sansaninsu can ƙuryar arewa. Shekarar da ziyarata ta dace da lokacin, sai na tarar an yi wa Yaya aiki a kafaɗar dama, bindigarsa mai sakata kuma duk harbi nan take dukansa. Ya ce ba zai fasa zuwa ba, bindiga zai sauya, kuma a hanya za mu saya.

Mai ɗana kanta yake nema. Ba irin ta sojoji ba ce da ke ɓarin wuta muddin yatsa na kan kunama. Wannan ja ɗaya harsashi ɗaya, sai dai ita ke tofar da kwanso ta ɗauko wani ba tare da mai ita ya motsa hannu ba. A yawancinsu akwai ɗan rami a jikin bututun: da harsashi ya gifta shi, wani kaso na iskar albarushin ya bi ta nan ya tura fistin, fistin ya tura sakata baya, sifirin ya maido ta da sabon harsashi. Da yake ƙarfin bugun ya rarrabu a cikin wannan kai-komo, kafaɗa ba ta jin sa a dunƙule. Abin da ya ja hankalin Yaya ke nan.

Bayan sallar asuba muka bar Detroit, a farkon watan, muka kama babbar hanya mai lamba 75, ta Flint da Saginaw, gonakin masara da aka girbe hagu da dama. Da muka kai wajen Bay City ya nuna mini gefen hanya, ya ce, "Ƙanena, nan iyaka take. Daga nan ka yi kudu, ba kowane harsashi aka yarda da shi ba." A lokacin da na je, kudancin jihar, inda ƙasa take shimfiɗe kuma gidaje suke kusa da juna, an taƙaita shi ga bindigogin da ba su cin dogon zango, irin masu miƙaƙƙen kwanso kamar .450 Bushmaster da 350 Legend ɗin da kamfanin Winchester ya fitar a 2019. A arewa babu wannan ƙaidi, amma ko'ina a jihar mai ɗana kanta ba za ta ɗauki fiye da harsashi 6 ba, har da wanda ke baki. Ya ce a jihar Fensilbeniya ma sam ba a farautar barewa da irinta. Wato tun kafin mutum ya taɓa bindiga, doka ta riga ta yi masa rabin zaɓin.

Daga Bay City ƙasa ta sauya, gonaki suka ja baya, dogayen itatuwa suka rufe hanya. A wajen Gaylord muka tsaya wani babban kantin kayan farauta, maƙil da mutane masu huluna ruwan goro. A ƙuryar kantin akwai maƙerin bindiga, tsoho mai tabarau a kan hanci, kuma a gabansa muka ɓata rabin yini. Bai fara da nuna kaya ba. Tambayar Yaya ya yi inda yake farauta, Yaya ya ce fadama ce mai duhun itatuwa, da wuya ido ya kai mita 100. Tsohon ya ce to ai dajin da aka yi wa waɗannan bindigogi ke nan, ya kai mu jerin na hannu.

Wannan jeri tarihi ne a rataye. Tun 1906 kamfanin Remington ya fara sayar da mai ɗana kanta da John Browning ya zana, wadda aka sani da Model 8, ita bututunta ne kansa yake ja da baya idan an harba. A 1955 aka kawo 740 mai aiki da iskar albarushi, a 1960 ta ba 742 wuri, wadda aka ƙera sama da miliyan ɗaya, bayanta 7400 da 750. Maharban arewacin Amurka sun rabu biyu a kansu: akwai mai cewa ta kakansa ba ta taɓa ba shi kunya ba, akwai mai rantsuwa cewa ba zai sake riƙe irinsu ba. Yanzu an daina ƙera su, kamfanin ma an rarraba shi a 2020 bayan ya durƙushe, don haka sai dai na hannu.

Tsohon ya zaro wata tsohuwar bindiga daga cikin jerin, katakonta na sheƙi, kuɗinta kuma bai kai rabin na sabuwa ba. Yaya har ya fara murmushi. Sai tsohon ya ja sakata baya, ya cusa 'yar tocila, ya ce in leƙa. Makwancin harsashin, wanda ya kamata ya yi sumul, duk ya yi ɗigo-ɗigon tsatsa. Ya karkata ta ya nuna mini layukan ƙarfen da sakata ke gudu a kai, sun ciccije, gefensu ya yi kaifi. Ya ce yawancin irin waɗannan ba a iya zura sandar wanki ta baya sai ta baki, mai ita ya goge bututu ya ga yana haske ya ɗauka ya gama, alhali dattin ya tura shi cikin makwanci. Bindigar ta kwana wata goma sha ɗaya a kabad, danshi ya yi aikinsa. Idan an harba, kwanson tagulla yakan kumbura ya manne da bango na ɗan lokaci. Bango mai santsi sai ya sake shi, mai tsatsa kuwa sai ya riƙe, ƙugiyar da ke fizgo kwanso ta yage masa baki ta wuce, bindiga ta cije. Ya ɗauko wani ɗan buroshi mai lanƙwasasshen hannu, ya ce, "Da masu su sun san wannan, da rabin aikina ya ƙare." Yaya ya mayar da ita inda take.

Sababbin da ya ajiye mana a kan tebur ba su da yawa. Akwai Browning BAR, wadda aka fara fitarwa a 1967 daga masana'antar FN da ke Herstal a Beljiyam, jikan John Browning mai suna Bruce na cikin waɗanda suka zana ta, daga baya aka koma harhaɗa ta a Fotugal. Akwai Benelli R1 ta garin Urbino a Italiya, wadda tsarin iskarta ya samo asali daga bindigar da kamfanin ya yi wa sojojin Amurka. Sai baƙar nan ta zuriyar AR-10, ƙirar Eugene Stoner ta shekarun 1950, wadda matasan maharba suka fi so. Ni da ba zan harba ba, ita na fi karkata gare ta, saboda abin da na gani a tsohuwar: fil biyu za ka tura ta rabu, ka zare sakata, ka wanke ta ta baya yadda ya kamata. Sai dai tana da nauyi, kuma gidan harsashinta na yau da kullum mai cin 20 dole a sauya shi da mai cin 5.

Tsohon ya sa Yaya ya sa rigar sanyinsa mai kauri da safar hannu, ya ce ya rufe ido ya ɗaga kowace zuwa kafaɗa sannan ya buɗe. Da BAR ɗin, yana buɗe ido ya ga tsakiyar madubin saiti, da sauran sai ya ɗan lalubo. Na yarda wannan hujja ta fi tawa. A fadama barewa ba ta jiran a gyara wuya. Batun harsashi bai ɗauki lokaci ba: tsakanin .30-06 na 1906 da .308 Winchester na 1952 bambancin ƙarfi kaɗan ne a irin wannan zango, na biyun kuma ya fi sauƙin bugu, shi ya ɗauka. Gidan harsashin BAR ɗin 4 yake ci, ba ta taka doka ba. Tsohon ya gargaɗe shi kan harsashin da aka rage wa albarushi don sauƙin bugu, wanda kan kasa tura sakata har ƙarshe, da wanda aka ƙara wa wuta, mai wahalar da ƙarfe. Ya ce ya sayi na kamfanoni daban-daban ya gwada, wanda ta karɓa ya tsaya a kansa.

Yaya ya cike takardar gwamnati, aka tura sunansa a binciki tarihinsa, amsa ta dawo kafin mu gama shan shayi. A cikin kuɗin da ya biya akwai harajin da dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta keɓe, kashi 11 cikin 100 a kan dogayen bindigogi da harsasai, wanda ake raba wa jihohi don kula da namun daji. Wajen 1900 barewa mai farar wutsiya ta ragu ƙasa da rabin miliyan a duk faɗin Amurka, yau ana ƙiyasta ta kusan miliyan 30. Na jima ina juya wannan lissafi a raina, ina tunanin dazukanmu da gada ma ta zama abin labari.

Washegari a filin gwaji ya saita madubi a mita 100. Wani harsashin ya warwatsu, wani ya taru waje guda kamar faɗin tafin yaro, duk kwansayen kuma sun faɗi gefe ɗaya, bakinsu lafiya lau. Ya juya kafaɗar ya ce bai ji komai ba.

Gadar Mackinac kilomita 8 ce, an buɗe ta ranar 1 ga Nuwamba 1957, a inda tafkin Mishigan ya haɗu da na Huron. Kafin ita maharba kan kwana a layin jirgin fito a irin wannan mako. Tsakiyarta ragar ƙarfe ce, taya na kuka a kai, iska na jijjiga mota. Muka sauka a St. Ignace muka yi yamma ta hanya mai lamba 2, ruwa a hagunmu har iyakar gani. A gefen hanya ana sayar da burodin nan mai nama da dankali a ciki da masu haƙar ma'adinai 'yan Cornwall ta Ingila suka kawo yankin. Ba mu san naman ba, sai muka sayi bandar farin kifin tafki, muka ci a mota.

Sansanin bukkar katako ce da murhun itace. Dattijon ya tarbe mu, ya karɓi sabuwar bindigar ya jujjuya, ya shafa sakata da yatsa ya duba. Yaya ya ce, "Baba, yaya kuka gan ta?" Ya ce ta yi, amma mai ya yi mata yawa. A sanyin nan mai yakan daskare kamar manja a tsakiyar hunturu, ya riƙe sakata ta kasa rufewa. Suka goge shi tas, suka bar ɗan shafi. Ya hana a shigo da ita ɗaki da dare, domin ƙarfe mai sanyi idan ya shiga ɗumi yakan yi gumi, gobe gumin ya zama ƙanƙara a cikinta, sai aka kulle ta a akwati a rumfar waje. Ya kuma ce idan zai ɗana kada ya raka sakata a hankali don gudun ƙara, ya sake ta ta rufe da ƙarfinta, in ba haka ba tana iya tsayawa kafin ta kulle.

Na tambayi dattijon ko saurin harbi ba ya sa mutum gaggawa. Ya ce yana sa wawa. Harsashin farko shi ne farauta, na biyu kuwa haƙƙin dabbar ne, don kada ta shige fadama da rauni ta kwana tana wahala. A nan na fahimci abin da ya sa suke ta nacin kada ta cije. Maganarsa ta zo daidai da abin da muka taso a kai na kyautata yanka. Yaya ya riga ya tambayi malamai, kuma da dama sun halatta abin da harsashi ya huda ya kashe idan an ambaci sunan Allah lokacin harbi, in kuma an riske ta da rai a yanka.

Ranar 15 muka shiga 'yar rumfar fako tun da duhu, ni sanye da rigar ruwan goro ta aro, ba ni da lasisi, nawa ido. Doka ta yarda a fara harbi rabin awa kafin fitowar rana, kuma lokacin na cika muka fara jin ƙara daga nesa ta kowace kusurwa. Dusar ƙanƙara ta ɗan rufe ƙasa. Sai da hantsi ya ɗaga wani namiji ya fito daga duhun itatuwa, hancinsa a ƙasa, kamar mita 60 daga inda muke. Na ji Yaya ya yi bisimilla ƙasa-ƙasa. Harbin ya same shi, ya zabura ya nufi fadama yana tangaɗi, kafin ya kai bakin ruwa na biyu ya kwantar da shi. Idon Yaya bai bar madubi ba tsakanin biyun. Muka iske shi da sauran numfashi, Yaya ya fuskantar da shi alƙibla ya yanka.

Ya ɗaura masa takardar lasisi, da yamma muka fita inda waya ke kamawa ya shigar da rahoto ta intanet, wanda jihar ta wajabta cikin awa 72 tun daga 2022. Dattijon ya ba da shawarar a kai wa mahautan garin, amma da Yaya ya bayyana masa cewa sukan haɗa niƙaƙƙen naman da kitsen alade saboda na barewa ba shi da maiƙo, sai ya ɗauko wuƙaƙensa ya ce mu yi da kanmu. A kan teburin rumfa muka feɗe muka daddatsa, aka ware wa dattijon cinya ɗaya, sauran muka jera a akwatin ƙanƙara, za a raba wa gidajen 'yan'uwa a Detroit.