Daga Moshi Zango Zuwa Ɗakin Gashi na Asibitin Komfo Anokye

Duk wanda ya san Moshi Zango a birnin Kumasi ya san cewa unguwa ce ta baƙi. Sunanta ma daga Moshawa ya samo asali, waɗanda suka gangaro daga ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso. A da baƙinmu fataken goro ne da na shanu. Yau kuwa akwai wani irin baƙo da ke sauka a gidajenmu daga Tamale, Bolgatanga, Wa da Bawku, ɗauke da takardar likita: mai ciwon daji da aka turo domin a yi masa gashi.

Hanyar ba ta da nisa. Muna shiga motar haya zuwa kasuwar Kejetia, daga nan mu hau tudu ta wajen Bantama, sai ga Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye. Mutanen gari suna ce masa "Ji", daga sunan kamfanin da ya gina shi a shekarun 1950. A cikin harabarsa ne takobin Okomfo Anokye yake kafe a ƙasa tun zamanin sarkin Asante Osei Tutu.

An buɗe sashen gashi na wannan asibiti a 2004, da taimakon Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya. Kafin nan sai an je Korle Bu a Ankara, wanda ya fara a 1997. 'Yan uwanmu na Yamai da Wagadugu kuwa sai a 2021 suka sami nasu.

Kalmar "gashi" tana razana mutane, amma babu wuta a cikin aikin. Da farko ana ɗaukar hoton jiki, a auna wurin ciwon, a yi alama a fata. Sa'an nan majinyaci ya kwanta shi kaɗai a wani ɗaki mai kaurin bango, ma'aikata suna kallonsa daga waje, na'ura ta aika haske marar ganuwa ya kashe ƙwayoyin cutar. 'Yan mintoci ne, kuma ba a jin zafi a lokacin. Bayan kwanaki gajiya takan biyo baya, fatar wurin ta yi duhu. Wanda aka yi wa irin wannan gashi ba ya ɗauko komai zuwa gida. A ci abinci tare da shi, ya rungumi jikokinsa.

Nauyin yana ga maimaitawa. Galibi Litinin zuwa Juma'a ake zuwa, har makonni uku zuwa bakwai, kuma tsallake kwanaki yana rage amfanin maganin. A nan ne masauki ke shigowa. Mun ga mata a kan bencin jira, akasari masu ciwon nono ko na bakin mahaifa, wasu ba sa jin Turanci ko Tonanci. Wadda ta sami ɗaki a zango, da kuɗin mota, da 'yar rakiya mai yi mata tafinta, ita ce mai kai wa ƙarshen magani. Wadda ta rasa, sau da yawa gida take komawa tun ba a gama ba.

Saboda haka muna kira ga masu gidaje da kwamitocin masallatai su kula da waɗannan baƙi, domin duba marar lafiya haƙƙi ne a kanmu. Muna kuma roƙon magidanta: idan uwargida ta ji ƙullutu a nono, ko ta ga jini ba lokacin al'ada ba, ko bayan al'ada ta ɗauke, a kai ta asibiti tun da wuri, a kuma riƙa sabunta katin inshorar lafiya. Kunya ba ta warkar da ciwo, jinkiri kuwa ƙara masa ƙarfi yake yi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri. Wassalam.