Jan Biri da Kanari: Wa Ya Fi Shiga Haɗari?

Jama'a, dabbobi biyu ne muka saba gani a tsare, jan biri a ɗaure da igiya a hannun masu wasa, kanari kuma a keji a ƙofar shago. Da yawanmu muna ɗauka duk ɗaya ne, tunda daji ne ke ba mu su. To, akwai bambanci babba.

Masana halittu sun haɗa su a rukunin masu ƙashin baya, daga nan kowa ya kama hanyarsa. Jan biri yana ajin dabbobi masu shayarwa, cikin dangin birai. Mazaunin ƙasa ne fiye da bishiya, kuma a birai babu mai gudunsa, yakan kai kilomita 55 a awa. Kanari kuwa yana ajin tsuntsaye, cikin zuriyar masu waƙa, reshen da ya ƙunshi kusan rabin nau'o'in tsuntsayen duniya.

Bambancin haihuwarsu shi ke nuna wanda ya fi saurin ƙarewa. Macen kanari takan saka ƙwai uku zuwa huɗu, ta ƙyanƙyashe cikin mako biyu. Macen jan biri sai ta yi fiye da wata biyar da ciki, ta haifi ɗa guda, galibi sau ɗaya a shekara. Idan aka kashe uwa don a ɗauke jaririnta a sayar, an yi wa garken ɓarnar da zai daɗe bai farfaɗo ba.

Ƙungiyar IUCN, mai kundin halittun da ke fuskantar barazana tun 1964, ta sanya kanari cikin waɗanda ba a fargabar ƙarewarsu a yanzu. Jan biri kuwa a 2020 ta matsar da shi zuwa sahun waɗanda ke dab da shiga haɗari, saboda gonaki suna cinye daji, ana sare itatuwa don gawayi, ga kuma farauta.

Manomi yana da gaskiya idan ya ce biri na masa ɓarna. Amma dajin da yake ci muka mayar gona, yunwa ce ta kawo shi. Shi ma kanari, yawansa ba izini ba ne na a riƙa kwashe shi da tarko ana cika kasuwa.

Roƙona ɗaya ne: kada mu sayi ɗan biri, kada mu ba mai wasa da shi ko sisi, mu kuma rage sha'awar tsuntsun keji. Ranar da mai saye ya daina, mai kamawa zai ajiye tarkonsa. Allah Ya sa mu riƙe amanar halittunSa.