Lambar Yabo Kan Hoton Wahala

A watan Maris na 1993, Kevin Carter, mai ɗaukar hoto ɗan Afirka ta Kudu, ya isa Ayod a kudancin Sudan, inda yaƙi da yunwa suka haɗu. Ya ɗauki hoton wani yaro da ya durƙushe, goshinsa a ƙasa, haƙarƙarinsa duk a waje, ga ungulu tsaye a bayansa. Jaridar New York Times ta buga hoton, a 1994 kuma aka ba Carter kyautar Pulitzer. Bayan 'yan watanni ya kashe kansa, yana da shekara 33.

Nakan yi tunanin wannan kyauta. Hoton ya sa mutanen da ba su taɓa jin sunan Ayod ba suka shiga tambayar me ya sami yaron. Wanda ya sa ransa a haɗari don duniya ta ga haka ya cancanci girmamawa. Duk da haka, raina yakan sosu idan na ji ana tafi kan hoton yunwar wani. Wanda ya yaba hoto irin wannan, nauyin taimako ya hau kansa, balle yanzu da yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya dawo da yunwa Sudan.