Dokin da Bai Yi Sukuwa Ba

Masu iya magana kan ce gani ya kori ji. Mu dai mun tashi a gidan da ake jin haniniya tun kafin kiran assalatu, domin mahaifinmu ya yi shekara talatin da ɗoriya yana kiwon dawakin wani basarake. A wurinmu doki abin ado ne: a wanke shi, a ba shi harawa da dusa da kanwa, ranar hawan salla a ɗaura masa sirdi da jalala, ya yi ta rangaji a gaban jama'a. Saboda haka da Allah ya nufe mu, wa da ƙane, da tafiya karatu birnin Yakutsk na Jamhuriyar Saha a gabashin Rasha, Baba bai nemi tsarabar agogo ko bargo ba. Cewa ya yi, "In akwai doki a ƙasar, ku ɗauko mini hotonsa in gani tun idona bai gama rufewa ba." A lokacin yanar ido ta riga ta fara cin ƙarfinsa.

Muka yi ta yau da gobe, har sai farkon watan Janairu na 2019 da aka aiko daga gida cewa Baba ya daina gane fuska daga ƙofar ɗaki. A makon muka ari kyamara, muka hau motar da ta ratsa da mu kogin Lena a kan ƙanƙara, domin da hunturu ruwan kan daskare ya zama titi. Ranar sanyi ya kai digiri 45 ƙasa da sifiri, ga shi rana ba ta yin awa shida a sama. Wani dattijo makiyayi da abokin karatunmu ya haɗa mu da shi ne ya yi mana jagora zuwa wani fili fari fat, mai zagaye da itatuwan da suka zubar da ganye.

Can muka hango su: ingarma guda da goɗiyoyi goma sha biyu, yawancinsu kili, gajejjeru, tsayinsu bai wuce santimita 140 ba a doro. Gashin jikinsu ya yi tsawon yatsa, ƙanƙara ta daskare a gezarsu da girarsu. Babu barga, babu turke, babu mai kai musu ruwa. Da kofato suke tone dusar ƙanƙara su ci busasshiyar ciyawar da ke ƙasa, su haɗa da ita dusar ta zame musu ruwan sha. Binciken da masana suka fitar a 2015 ya nuna cewa kakanninsu sun zo ne tare da mutanen Yakut daga kudu, kuma cikin shekara kamar 800 kacal jikinsu ya saje da wannan jaura.

To, ya kai mai karatu, ɗaukar hoto a irin wannan wuri wata sana'a ce daban. Batir bai yi minti ashirin ba ya mutu, sai da muka riƙa ɗumama ɗaya a hamata muna aiki da ɗaya. Hucin bakinmu da ya taɓa madubin leƙawa ya zama ƙanƙara nan take, dole mai ɗauka ya riƙe numfashi. Ƙarfe kuwa in ya taɓa fatar yatsa sai ya manne. Hotunan farko duk suka fito launin toka, saboda ma'aunin hasken kyamara yana ɗauka duk abin da ke gabansa matsakaici ne, sai ya dusashe farin. Da muka ƙara haske mataki ɗaya da rabi, sannan dusar ƙanƙara ta dawo fara, kili ya rabu da filin da yake tsaye a kai.

Duk da haka ranmu bai kwanta ba. Dawakin nan sun sunkuyar da kai suna tono, ko kallonmu ba sa yi. Mu kuwa sukuwa muke so: geza a iska, ƙanƙara na tashi kamar ƙura a filin idi, hoton da Baba zai gani ya gyara zama. Muka roƙi dattijon da Rashancinmu mai ɗingishi ya kora mana su sau ɗaya tak, har da nuna masa kuɗi. Ya dube mu ya girgiza kai. Ya ce kitsen da ke jikin goɗiyoyin nan da shi za su kai watan Mayu, mafi yawansu kuma da ciki. Wadda ta yi gudu za ta yi gumi, gumin ya daskare a cikin gashi, da dare sanyi ya shige ta. Ya ce in hoto muke so mu tsaya, in gudu muke so mu yi da ƙafarmu.

Kunya ta rufe mu. 'Ya'yan mai kiwon doki ne mu, amma sai da baƙo ya tuna mana cewa ran dabba ya fi hotonta. Muka tsaya cik kusan rabin awa, yatsun ƙafa suka daina jin komai. Can wata goɗiya ta ɗago, ta tako a hankali har ta zo kamar taki biyar daga gare mu, hucinta ya yi mata rawani, jan hasken la'asar ya sauka a gezarta. Muka danna sau uku. Kafin mu shiga ɗakin dattijon ya sa muka ƙulle kyamarar a leda, don kada raɓa ta taru a cikinta in ta haɗu da ɗumin murhu.

Da hutun ƙarshen shekara muka wanke hoton babba, muka kai gida. Baba ya fito da shi tsakar gida, ya kai shi dab da idonsa na dama, ya daɗe yana bin sa da yatsa daga wuya zuwa ƙugu. Muka fara ba shi haƙuri cewa ba mu samu na sukuwa ba. Ya ce, "Wannan ai ciki gare ta. Wane mahaukaci ne zai sa ta gudu?" Muka dubi juna, babu wanda ya ce uffan. Ya sake duban hoton ya ce ba ya ganin haƙarƙari ko ɗaya, mai dabbar nan ya san aikinsa, in mun koma mu gaishe shi.

Mun koma mun isar da gaisuwar. Yau Baba ba ya ganin hoton, amma yana nan rataye a zaure, kuma duk baƙon da ya tambaya shi ke ba da bayani.