Gyaran Tsohuwar Mota a Zurmi

Da muka je hutu Zurmi, muka iske tsohuwar Land Rover ta kawunmu, irin wadda aka fara ƙerawa a Ingila cikin 1948, an ɗora ta bisa duwatsu shekara biyu. Ita ce mai kai geronsa Ƙauran Namoda in damina ta ɓata hanya. Makanike ya kwance giya, ya gwada mana haƙoranta duk sun cinye, gama ruwa da rairayi sun shiga cikin mai. Kwana uku muna wanke ƙarafa da kananzir, har hannuwan nan namu na riƙon alli suka yi bororo. Sa'an nan aka sake farfela mai kai ƙarfi ga ƙafafun gaba. Ran Jumma'a ta ƙetare yashin gulbi da buhu goma, Kawu yana ta hamdala.